Rigar da Na Ɗinka wa Bayahudiya

A unguwar Nuzla ta Jidda aka haife ni, a nan na koyi ɗinki a wajen mahaifiyata. Shekarar da wasan kwaikwayo ya fara yawa a Jidda, wata malama da nake ɗinka wa abaya ta kira ni gidanta a unguwar Abhur. Ita da wasu malaman makaranta ne za su yi wasa a farfajiyar gidan, suna son kayan 'yan wasa. Na ɗauki abin awo da allurai na tafi bayan la'asar.

Wasan a kan wani shahararren marubuci ne na ƙasar Turai, tsoho mai daɗin baki. Ya rubuta wa jarida cewa Yahudawa gara ne, ta ciki suke cin gida. Matar da ta shekara ashirin tana buga masa rubutu kuwa Bayahudiya ce, kuma ita ya miƙa wa takardar ya ce ta buga.

Ina durƙushe ina kama bakin rigar yarinyar da ke fitowa a matsayin matar, su kuma suna gwaji. Ta tambayi tsohon ko ya manta ko ita wace ce. Ya yi dariya ya ce, "Ai ba da ke nake ba. Ke daban ce." Malamar ta tsayar da su har sau uku. Ta ce wa mai fitowa a matsayin marubucin ya faɗi maganar da taushi, domin muguntarta a cikin taushin take. Na ji ta burge ni, na ce a raina wannan mata ta san ciwon mutane.

Da aka kawo shayi sai ta dafa kafaɗata a gaban kowa tana yaba ɗinkina. Ta ce musu ni Takruniya ce, wato irinmu baƙaƙen da kakanninmu suka zo hajji suka zauna, amma wallahi ba kamar sauran ba. Ta ce ko zinariya ta bari a tebur ba ta fargaba.

Ko rabin sa'a ba a yi ba da ta gama koyar da wannan magana. Na cire alluran da ke bakina na ce, "Sauran su wa, ustaza? Uwata ko 'ya'yana?"

Ta ce ban fahimce ta ba, yabona take yi. Mai fitowa a matsayin marubucin ya ɗan yi murmushi yana juya cokali a kofi, sanye da kwat ɗin da na auna masa.

A gida na ba yayana labari, shi direba ne a can Abhur ɗin. Ya ce malamar ba ta kyauta ba, amma me ya haɗa ni da tausayin Bayahudiya, ban ga abin da ake yi wa Falasɗinawa ba? Na ce masa na gani, na kuma yi kuka a gabansa. Amma mai buga rubutun nan ba ta rushe gidan kowa ba, an dai yi mata kuɗin goro ne, irin wanda ake yi mana duk ranar da aka yi sata a unguwa. Na tuna masa yadda aka tare shi ana neman iƙama, takardar zaman baƙi, a titin da aka haife shi. Ya ce halas, wato magana ta ƙare, ya tashi ya bar ni da tuwo a gaba. Fushin da na yi da shi ya fi wanda na yi da malamar, don shi ya san zafin abin a jikinsa.

Na gama rigar, ban yi mata ha'inci ko na ɗinki ɗaya ba, na aika da ita. Ban je kallon wasan ba. Yarinyar ta kira ni daga baya ta ce an yi tafi sosai, amma da tsohon ya faɗi maganar gara, wasu a layin gaba dariya suka yi, har ta kusa manta abin da za ta ce.

Malamar ta aiko da yadin abaya sau biyu, na mayar. Abin da ke ci mini rai har yau shi ne da ƙaramar murya na yi mata tambayar, kamar mai roƙon afuwa.