Kalilu da Takardun Damagaram

Kalilu Mainasara ɗan cikin birnin Daura ne, ɗan gidan dukawa. Mahaifinsa yana ɗinka takalma da zabira yana kai su kasuwannin kan iyaka, mahaifiyarsa Kande kuwa mutuniyar Zango ce. Ni na koyar da shi a ajin ƙarshe na firamare. Yaro ne mai kaifin hadda da kyan rubutu, mai kunya ƙwarai. Idan babba ya yi kuskure a gabansa, ba ya gyara masa. Sai ya sunkuyar da kai ya bar maganar ta wuce. Da wannan hali ya girma, da shi kuma ya yi furfura.

Ya karanta tarihi a jami'a, ya soma koyarwa a sakandare a shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu. Ya auri Maimunatu, Allah ya ba su zuri'a. Bayan ya daɗe a sakandare, wata kwalejin horar da malamai ta ɗauke shi aiki, bisa sharaɗin zai kawo digiri na biyu daga baya. Ya ajiye aikinsa na farko, ya koma can. Shekaru suka tura, sai kwalejin ta sanar cewa duk malamin da bai kawo shaidar digirin ba kafin ƙarshen shekarar 2023, za a sallame shi. A lokacin Kalilu ya doshi hamsin, babbar 'yarsa Khairat ta shiga jami'a, mahaifiyarsa tana hannunsa, kuma gidan duka da albashinsa ya dogara.

Darussan digirin ya riga ya gama su. Kundin bincike kawai ya rage. Abin da ya zaɓa shi ne hulɗar Nijeriya da Nijar a kan iyakar ƙasar Daura bayan samun 'yanci: yadda jami'an ƙasashen biyu suka riƙa zama suna sasanta rikicin makiyaya da manoma, da maganar burtali da rijiyoyin da dabbobin ɓangarorin biyu suke sha. Ya je Kaduna, gidan ajiye tsofaffin takardun gwamnati, ya samo abin da jami'anmu suka rubuta. Ya zaga ƙauyukan Zango da Mai'aduwa, ya zauna da dagatai da tsofaffin ardaye. Ya haɗa komai ya kai wa Dokta Hussaini, malamin da jami'a ta ɗora wa duba aikinsa.

Dokta Hussaini ya karanta, ya maido masa.

"Malam Kalilu, aikin yana da kyau, amma bakin mutum ɗaya na ji. Ka ce mini hulɗa kake rubutawa. Su mutanen can da aka zauna da su, kurame ne? Je ka kawo mini abin da suka rubuta da hannunsu."

Saboda haka ya tafi Damagaram, shekara guda kafin wa'adin kwalejin ya cika. A can akwai wani ɗakin ajiyar takardun hukuma, mai tsaronsa wani Bazabarme ne mai suna Hamani, wanda ba a daɗe da turo shi daga Yamai ba. Hamani bai ƙware a Hausa ba, Kalilu kuwa ba ya jin Faransanci ko kalma ɗaya. Kalilu ya yi dogon bayani, Hausa da Ingilishi a gauraye. Hamani ya saurara har ya gaji, sannan ya tura masa takarda da biro, ya nuna masa ya rubuta abin da yake nema. Kalilu ya rubuta sunan garinsu da manyan baƙaƙe, yadda aka koya masa: DAURA.

Hamani ya duba, ya ce, "Dora?"

Kalilu ya ɗauka harshen Zabarmawa ne yake karya sunan haka. Bai ga ya dace baƙo ya gyara wa mai wuri furuci ba, sai ya gyaɗa kai.

Sunayen fayilolin suna rubuce a kan katuna, an jera su cikin durowa bisa tsarin abacada. Hamani ya jawo durowar harafin D, ya kai yatsa inda D da A da U za su kasance, bai sami komai ba. Kalilu ya rubuta Kwangwalam, ya rubuta Mai'aduwa, duk babu. A ƙarƙashin sunan Nijeriya suka sami fayiloli kan cinikin gyaɗa da hanyar mota zuwa Kano, babu abin da ya shafi burtali ko rijiya. Ya yi godiya, ya dawo gida, ya rubuta a babi na uku cewa hukumomin Nijar ba su ajiye bayanin waɗannan zama ba.

Dokta Hussaini ya soke sakin layin da jan biro.

"Mutanen da Faransa ta horar? Ai ko akuya ce ta tsallaka iyaka sai sun buɗe mata fayil. Ba ka nema da kyau ba ne. Ba zan sa hannu a kan wannan ba."

Daga nan Kalilu ya shiga halin da ban taɓa ganinsa a ciki ba. Ya aika saƙonni ga malaman jami'o'in Nijar da bai sani ba, ba a amsa ba. Ya koma Kaduna ya sake bin fayilolin da ya riga ya karanta, ko zai tsinci kwafin wasiƙa daga can. Ya roƙi a bar shi ya sauya batun binciken, aka ce sauyi yana nufin sabon farawa, kuma lokacin ba zai kai shi ba. Ya rame har rigunansa suka yi masa yawa. Yakan zo zaurena bayan la'asar, ya zauna, ya tashi bai faɗi abin da ya kawo shi ba. Wata rana Maimunatu ta aiko a tambaye ni ko na san mai maganin rashin cin abinci.

A daminar shekarar wa'adin aka yi juyin mulki a Nijar, aka rufe iyaka. Manyan motoci suka tsaya cak a Kwangwalam, layi har inda ido ya ƙare. Kalilu yana da taubashi a Zango mai suna Lawal, ɗan kasuwa ne mai babur, wanda kayansa suka maƙale a cikin ɗaya daga cikin motocin. Lawal ya biyo ta gidan Kalilu, ya same shi zaune ya zuba wa bango ido.

"Furofesa, taso ka raka ni. Ga hulɗar ƙasashen taka can tana ruɓewa a bakin hanya, gara ka je ka shinshina ta da hancinka."

Suka je. Lawal ya shiga ciniki da direbansa, Kalilu ya fake a inuwar wata bas ta mutanen Nijar. A jikinta an rubuta sunayen garuruwan da take bi, na tsakiya shi ne DAOURA. Ya sha ganin wannan rubutu a jikin motoci tun yana yaro, kullum yana ɗauka jahilcin masu fenti ne. Amma motocin da can wucewa suke yi. Wannan tana tsaye, direbanta yana kishingiɗe a ƙarƙashinta yana sakace.

Kalilu ya ce, "Direba, wanda ya yi maka fentin nan ya ƙara maka harafi a sunan garinmu."

"Wane harafi, Malam? Haka ake rubuta shi a lakwal, a makarantunmu na boko. Haka yake a takardar motata, da hatimin gwamnati."

Kalilu ya durƙusa, ya rubuta DAURA da yatsa a ƙasa. "To wannan fa?"

Direban ya leƙo. "Dora. Wace ce Dora kuma? Budurwarka ce, da furfurarka?"

Lawal ya gaya mini cewa da ya dawo, sai ya tarar da taubashinsa zaune dirshan a cikin laka, ya dafe kai da hannu biyu. A rubutun Faransa, A da U in sun haɗu O ake karantawa. Wanda yake son a furta Daura sai ya sa O a tsakani. Kuma a jerin abacada O tana zuwa kafin U, ke nan katunan da yake nema suna cikin durowar da aka jawo masa, yatsan Hamani ya tsallake su yana kallo.

A ranar ya ce zai koma Damagaram. Maimunatu ta tsaya masa a ƙofar ɗaki.

"Baban Khairat, an ce sojoji ne a hanya. Idan aikin ya tafi, kai kana nan. Idan aka kama ka, wa zan je in gaya wa?"

"Idan aikin ya tafi, Maimuna, me zan kawo gidan nan? A shekaruna wa zai ɗauke ni?"

Ta shiga ta ɗaure masa ƙuli-ƙuli da garin kwaki a leda.

Lawal ne ya ɗauke shi a babur, da hantsi, ta hanyoyin gonaki. Gero ya yi tsawo har ya rufe mahayi. Sun faɗi a wata fadama, madubin idon Kalilu ya tsage a gefe ɗaya. Lawal ya ɗago shi yana cewa, "Ka riƙe ni da kyau, Furofesa. In ka mutu a nan, ba a san ƙasar da za ta yi maka salla ba." Ya sauke shi a wani ƙauye kusa da Matamaye, daga nan ya sami mota.

Hamani ya gane shi. Hausarsa ta nuna a shekarar da ta wuce. Kalilu ya rubuta sunan da O, ya miƙa masa.

"Daura! To ai da ka faɗa da baki, Malam."

"Na ji kunyar gyara maka ne."

Hamani ya jawo durowar. Katunan sun cika tafin hannu. Sai dai ya ce an ba su umurni, saboda halin da ake ciki, kada baƙo daga Nijeriya ya shiga ɗakin karatu sai da izini daga Yamai, kuma izinin ba zai fito ba sai ƙasashen biyu sun shirya. Kalilu ya riƙe gefen tebur, ya gaya masa maganar kwaleji da wa'adi da mahaifiyarsa, abin da bai taɓa gaya wa kowa a jere ba. Hamani ya ce baranda ba ɗakin karatu ba ce. Zai riƙa fito masa da fayil ɗaya-ɗaya, ya zauna kusa da shi. Ba hoto, ba na'urar kwafi, sai abin da hannunsa ya rubuta.

Haka Kalilu ya zauna a barandar nan yana kwafar harshen da ba ya ji, harafi bayan harafi, da tsagaggen madubi. Bai san wace takarda ce mai amfani ba, wace ce ta sayen man fitila, saboda haka duk inda ya ga sunan garinsu ko na wani dagaci da ya sani, sai ya kwafe shafin gaba ɗaya. Yana kwana a zauren wani baduku, tsohon abokin cinikin mahaifinsa. Bai dawo Daura ba sai da aka soma yankan gero, yatsunsa sun kumbura ba ya iya riƙe cokali.

Sai kuma neman mai fassara. Ya sami wata malamar Faransanci a wata sakandare, ta karɓi aikin, tana yi bayan an tashi daga makaranta. Ta sha wahala, domin Kalilu ya tsallake yawancin ɗige-ɗigen da ke saman wasulan, yana zaton tabon tsufan takarda ne. Duk da haka abin da ya fito shi ne abin da ake nema: zama bayan zama, da sunayen rijiyoyi, da abin da jami'an can suka faɗa game da namu bayan an watse. Ya sake rubuta babi uku. Ni na duba masa nahawu, ban sami abin gyara mai yawa ba.

Dokta Hussaini ya karanta, ya sa hannu, ya ce bai taɓa duba kundi mai tushe irin wannan ba. Amma sai an naɗa mai jarrabawa daga wata jami'a, sai an sa ranar kare kundi, sai majalisar jami'a ta zauna. Duk wannan ba zai yiwu ba kafin sabuwar shekara.

Kalilu ya ɗauki kundin ya kai wa shugaban kwalejin, tare da takardar Dokta Hussaini mai bayyana cewa aikin ya kammala. Ya durƙusa a ofis, abin da bai yi wa kowa ba in ban da iyayensa.

"Ranka ya daɗe, watanni kaɗan nake roƙo."

"Malam Kalilu, tashi, don Allah. Na san ka, na san aikinka. Amma shaidar digiri hukumar gudanarwa ta ce, ba kundi ba. Idan na ɗaga maka, akwai mutane a bayanka da zan ɗaga wa."

An sallame shi a watan Janairu. Ya sami koyarwa a wata firamare mai zaman kanta a Sandamu, yana bin motar kasuwa kullum da safe. Khairat ta dakatar da karatu ta dawo gida. Ya kare kundinsa a damina ta gaba, shaidar ta fito bayan kaka. Ya sa rigarsa ta Juma'a ya kai shaidar kwalejin. Ya tarar an ba wani tsohon ɗalibinsa gurbinsa. Ɗalibin ya fito ya gaishe shi har ƙasa, ya karɓar masa jaka. A ofis suka yi kwafin shaidar, suka ce ya jira sai an buɗe ɗaukar ma'aikata. Ya tambaya ko akwai iyakar shekaru ga mai nema. Magatakardan ya ce akwai, amma bai riƙe adadin ba, zai duba ya kira shi. Har zuwa lokacin da nake wannan rubutu bai kira ba, Kalilu kuma bai koma ya sake tambaya ba.