Rawanin Baba a Kan Sabuwar Kwalta

Iyayenmu daga yankin Jazira suka taso, inda suka ƙare ƙuruciyarsu suna tsinkar audugar wasu. Da suka dawo unguwar Soba ba su zo da dukiya ba, sai wata al'ada guda: in azumi ya kama, namiji ba ya buɗa baki a cikin gida. A mahaɗar da layinmu ya haɗu da babbar hanya ake shimfiɗa tabarmi, kowane gida ya fito da tirensa na asida, wato tuwonmu na nan, da dabino. Rana na gab da faɗuwa sai dattawa biyu su kwance rawani su ja shi ya gitta hanya. Kowace mota ta zo dole ta tsaya, a sauke mutanen ciki a ciyar da su. Wanda ya ce yana sauri, a rantse masa da sakin aure cewa sai ya ci. Baba shi ne ubangidan wannan rigima, kuma yana alfahari babu direban da ya taɓa wuce shi da yunwa.

Da can wannan ba abin tsoro ba ne. Hanyar duk ramuka ce, lori na tafe kamar mai cikin wata tara, ko akuya sai ta gama tsallakawa kafin ya iso. A zamanin soja aka faɗaɗa ta, aka zuba sabuwar kwalta, saboda manyan motocin da ke tasowa tun daga iyakar Habasha. Ba a yi wa mahaɗarmu komai ba, ko tudun rage gudu babu. Muka kai kuka, aka ce hanyar fatauci ce, ba zauren unguwa ba. Muka tara ƙasa muka yi tudu da kanmu. Washegari sojoji suka zo da bulala, suka sa muka kwashe ta da hannu, ni har haƙorina na gaba na bari a wurin.

Lokacin ina ƙira a kasuwar Umdurman, kullum a kan hanyar nan nake, na san irin gudun da ake yi a kanta. Tsoro ya hana ni sukuni, don na san Baba zai tsaya a tsakiyarta. Ana gobe azumi na same shi.

"Baba, bana a bar jan rawanin nan. Mu ɗaga musu hannu daga gefe."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ya walad, kai yaro, baƙo ake ɗaga wa hannu kamar mai neman mota? Kai dai haƙori ɗaya aka cire maka, ka zama malamin tsoro."

Na ji haushi na fita. Ni da shi zuciyarmu ɗaya ce, ba mai lanƙwasuwa.

Da yake hanyar ta yi faɗi, rawani ɗaya ya daina kaiwa. Sai suka ƙulla biyu, nasa da na maƙwabcinmu, wani tsohon tela. Iska kuma tana fizge zanen a fili, don haka Baba ya koma naɗe bakin rawanin a wuyan hannu sau uku, ya damƙe. Kwana takwas abin yana tafiya lafiya, kowace yamma yana jifata da kallon "ka gani?"

Rana ta tara na sauko daga mota da ƙarfen da zan yi wa Inna murhu a hannuna, ana shirin kiran salla. Wani lori ya taho shaƙe da buhunan riɗi, rana tana cikin idon direban. Na ji kukan birki, na ga hayaƙin taya. Tela ya saki nasa gefen. Ƙullin ya maƙale a ƙarfen gaban motar, sai na ga Baba ya tashi sama, ya dawo ƙasa, motar tana jansa a kan kwalta. Da ta tsaya, farar jallabiyarsa ta koma ja, hannun yana reto da fata kaɗai.

Ban je wurin ubana ba. Wannan shi ne abin da har yau nake jin kunyarsa. Wurin direban na nufa. Mutane sun riga sun jawo shi ƙasa, wani magidanci mai furfura a gemu, leɓensa a bushe, yana ta cewa wallahi bai gani ba. Ana dukansa da takalma da duwatsu, tire ya kife, asida ta cakuɗe da ƙasa. Na ratsa su na ɗaga ƙarfen. Bugu na farko ya tare da hannu, na ji ƙashin ya karye. Na biyu a ka na same shi.

A lokacin ladan ya kira salla, kowa ya yi cirko-cirko. Sai muka ji muryar Baba daga inda aka tallafe shi, ƙasa-ƙasa.

"Direban nan fa? Ku ba shi ruwa, yana azumi."

Tela ya kai wa direban kofi a baki, ruwan ya zubo ta gefe. Ya riga ya cika.

Sojoji suka kwashe mazan layinmu gaba ɗaya. Mako uku ana dukanmu safe da yamma a faɗi wanda ya yi, babu wanda ya buɗe baki, har suka gaji suka sake mu. A asibiti an yanke wa Baba hannun daga kafaɗa, amma ya rayu. Na yi kuka don murna da na ji.

Ranar da na koma gida na tarar da shi a tsakar gida, Inna ta ajiye masa abinci. Na wanke hannu na zauna a gabansa kamar kullum. Ya jawo tiren da hannun hagu zuwa wajensa.

"Ni na tsayar da mutumin nan," ya ce. "Baƙona ne. A kan tabarmata ka kashe shi da ƙishirwa a bakinsa."

"Baba, saboda kai na yi."

"Na sani. Tashi."

Ya yi shekaru bayan haka. Ni nake yi masa aski, ni nake ɗaura masa rawani ranar Juma'a, yana amsa gaisuwata, yana sa wa 'ya'yana albarka. Amma har Allah ya karɓi abinsa, in aka kawo abinci sai Inna ta zuba nawa daban.