Ranar da Na Ɗaga Kai a Ajin Farfesa

Ko na tsufa na fara ruɗewa, ranar nan ba za ta fita raina ba. Lokacin ina kai abinci a keke, a ƙasar Turawa, yau unguwar Soundview gobe ta Morris Heights, makaranta kuwa na daɗe da jefar da ita, don ni zama wuri ɗaya ba ya yi mini.

Akwai wata Hajiya 'yar Kano a benenmu, farfesa ce. Duk rayuwarta ta ƙare a binciken yadda 'yan sanda ke tare baƙar fata. Ta ji wani ɗan sanda ya taɓa tare ni, sai ta ce in zo ajinta in ba ɗalibanta labari. Na ce, "Hajiya, ni da ko sakandare ban gama ba?" Ta ce, "Kai dai zo, sarkin yawo. Keken ba zai gudu ba."

Ajin yana can saman bene. Ta taga ina hango ƙanƙara tana sauka a hankali kamar auduga, gari ya yi tsit, har na ji kamar barci nake. Tsorona ɗaya, kar in buɗe baki su gane ban yi karatu ba.

Hajiya ta karanto abin da ɗan sandan ya rubuta a kaina: wai na ƙi kallon idonsa, alamar ina ɓoye wani abu. Sai ta juyo ta ce da Hausa, "Ɗana, kalle ni." Wallahi na kasa. Idona yana kan takalmina. Ta yi murmushi ta ce, "To gaya musu dalili."

Da Turancina na titi na ce a gidanmu in babba yana magana ƙasa ake kallo. Ni girmama ɗan sandan nake, shi kuma laifi ya gani. Ban ankara ba na ji ƙarar biro ko'ina. Na ɗago, sai ga mutanen da nake jin kunyarsu suna rubuta maganata.

A jirgin ƙasa muna dawowa ta ce, "Shekara da shekaru ina karanta irin takardar nan, yau ka fassara musu ita." Satin nan na rubuta sunana a ajin yamma don in ƙarasa sakandare.

Abin da na koya shi ne, abin da ya same ka ma ilimi ne, amma sai ka ɗaga kai ka faɗa da bakinka, in ba haka ba wani zai rubuta maka shi yadda ya ga dama.