Baƙi Na Yi, Ba Baki Ba

Da kakar bana mahaifina, Malam Ilu, ya cika shekara arba'in da ɗaya a ƙasa. Allah ya kai haske kabarinsa. Ban saba tuna shi da surutu ba, nakan toya waina ranar Juma'a in raba sadaka in yi shiru. Bana ne shirun ya gagare ni. Tun da aka fara yankan gero nake kewaya tsakar gida kamar kazar da ta rasa wurin yin ƙwai, in zauna, in tashi, in leƙa zaure, kuma duk inda na juya shi ne ke faɗo mini a rai.

Ni ban yi karatu ba, daga surorin salla ban ƙara komai ba. 'Yata Rabi ce ke rubuta wannan, ina faɗa tana bugawa. Wanda bai iya rubutu ba kuwa, bakinsa a hannun wani yake har ya mutu. Shi ya sa na fi masu karatun sa ido a kan yadda ake rubutu, don su abin ado ne a wurinsu, ni kuwa mutuncina ne ake ɗauka a kai inda ƙafata ba ta zuwa.

Baba marubucin ajami ne. Tun yana saurayi, zamanin da Turawa ba su daɗe da raba mu da Damagaram ba, jirgin ƙasa ma bai iso Gagarawa ba, shi ke rubuta wa dagacin ƙauyenmu saƙo. Akwai labarin da ya ba mu har muka haddace. Wata shekara damina ta yi albarka, rumbuna suka cika. Dagaci ya sa shi ya rubuta wa madugun fataken da ke sauko mana da gishiri da kanwa daga arewa cewa bana an samu ƙari, su zo da raƙuma da yawa a yi musaya da gero. To a rubutun ajami harafin ƙa da harafin fa jikinsu ɗaya ne, ɗigo ne ya raba su: na ƙa a sama, na fa a ƙasa. Da yatsa ya zana mini su a kan rairayi, shi ya sa na sani. Ɗan aike na tsaye yana azalzalarsa, Baba ya ɗiga tawada a ƙasa. Madugu ya karanta cewa bana an samu fari. Ya juya ayarinsa ya nufi wata ƙasar.

Shekarar nan miya lami aka sha a ƙauyenmu, ga hatsi har ana rasa wurin zubawa. Mata suka sa wa Baba waƙa a bakin turmi. Ya ce bulala ba a yi masa ba, amma da an yi masa da ya fi sauƙi, don duk akushin da aka buɗe a garin sai an ambaci sunansa.

Daga nan ya zama mutumin da na taso na tarar. Ba ya rubutu da wani tsaye a kansa. Ko hakimi ne ya aiko, sai ɗan aiken ya zauna. Ba kuwa mai ƙyamar maganar mutane ba ne: Badamagare ya zo da irin Hausarsa, haka zai rubuta masa, ba zai mayar da shi Bakano ba. Abin da ba ya yafewa shi ne a sauya wa mutum nufinsa. Yakan ce kada a raina allura, ita ma ƙarfe ce.

Yanzu ga abin da ya hana ni zama. Ina da ɗa, autana, Sale, direban babbar mota ne, yana jigila tsakanin Maigatari da cikin Nijar. Kafin damina ta faɗi ƙanen mahaifinsa ya rasu a Gumel, har aka share makoki bai leƙo ba. Da ya zo na faɗa masa magana a gaban matarsa da 'ya'yansa. Na faɗa, kuma ban janye ba. Ya sunkuyar da kai ya fita, ya hau motarsa.

Bayan haka sai ga wasu dattawa daga wajen Sule Tankarkar sun yi sallama. Ashe a hanya Sale ya tarar da motarsu ta mutu, da mace a ciki tana naƙuda, ya ajiye lodinsa ya kai ta asibiti, ya ƙi faɗar sunansa. Da tambaya suka gano gidanmu, godiya suka zo yi. Na ji sanyi a raina irin wanda na daɗe ban ji ba. Na ce wa Rabi ta aika masa a waya cewa na yi baƙi a kansa, ya zo.

Ta aika. Sai dai rubutun boko ma yana da nasa ɗigon, wata ƙugiya ce da ake maƙala wa harafi, ita ke raba baƙi da baki. Wayarta ba ta da ƙugiya, ko tana da ita ba ta nema ba. Abin da ya isa wurin Sale shi ne Inna ta yi baki a kansa. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Mutumin da ya bar gida da faɗan uwa a kunne, me zai karanta in ba tsinuwa ba? A makon nan kuma motarsa ta karye a hanyar Dungas, ya ce shi ke nan, ga shi ya fara gani.

Tun ranar bai dawo ba. Rabi ta sake rubuta masa, ya ce rufa masa asiri kawai take yi. Na yi magana da bakina a cikin wayar, an ce bai buɗe ba, wai tsoro yake kada ya ji abin da kunnensa, daga baya ma ya sauya layi. Abokin aikinsa Ɗanlami ya zo gaishe ni, na tsare shi.

"Ɗanlami, ina ka ɓoye mini yaro?"

"Inna, ai mai furfura ba ya ɓoyuwa. Yana can ƙetare, ya rame kamar sandar makiyayi. Na ce masa ya zo ya durƙusa, ya ce wanda uwa ta yi wa baki ba ya taka zaurenta sai ta kira shi."

"To ban kira shi ba?"

"Kin kira, Inna. Takardar kiran ce ta ƙone gidan."

Rabi ma'aikaciya ce a ofishin wasu masu motocin haya a Maigatari, rubutu ne abincinta. Da na tuhume ta, ba ta yi mini gardama ba, amma ta kare kanta. Ta ce: "Inna, kowa haka yake yi, har manyanmu a ofis. Ana ganewa daga yadda maganar ta zo." Na ce mata ana ganewa in zuciya na kwance. Wanda ke cikin tsoro, ko mai jiran mugun labari, mafi munin ma'anar zai ɗauka. Sau ɗari za a gane, na ɗari da ɗaya ya faɗa a kan wanda ba shi da ƙarfin ɗauka.

Ina ta tambayar kaina me Baba zai ce da ya ga wannan zamani. Na san zai yi mamakin saƙon da ke isa Damagaram kafin mai aikawa ya sauke hannu, shi da ya san tafiyar raƙumi. Ba na jin zai zagi yaran nan, ba halinsa ba ne. Ina jin abin da zai dame shi shi ne kowa ya zama marubuci, kuma kowa a tsaye yake rubutun, a kan babur, a bakin kasuwa, da hannu ɗaya. Wata rana nakan ce ƙila ni ce na tsufa, duniya ta sami hanyarta ta fahimtar juna ba tare da ƙugiya ba. Sai in ji ƙarar babbar mota a bakin titi in miƙe, ta wuce, in koma in zauna.

Me ya rage na Malam Ilu? Alƙalumansa na kara sun karye tuntuni, gara ta cinye takardun, jikokinsa ba mai iya karanta ajami. Har masu yi masa waƙar gishiri sun bi shi. Abin da na ga ya saura shi ne tsoron nan da ya bar mini, na cewa maganar wani amana ce, kuma mai rubuta ta shi ne mai riƙon amanar, ko a ofis yake ko a waya. Ban iya ba wa 'ya'yana shi da daɗin baki ba, yanzu ga shi Rabi ta koya da hawaye.

Ɗanlami ya ce maigidansu a tasha ba ya wuce jarida, kuma Sale yana yarda da abin da aka buga fiye da abin da aka turo. To masu jarida, ku dubi tsufana ku buga wannan yadda yake, kada ku taɓa ko harafi ɗaya. Wanda ya karanta kuma ya san shi, ya kai masa.

Auta, ni ce uwarka. Baƙi na yi, mutanen kirki, albarka suka zo sa maka, ni ma na sa. Ban yi maka baki ba, ba kuma zan yi ba har in koma ga Allah. Faɗa na yi maka. Ka dawo gida, akwai saura.