Baba da Dokar Bakin Rijiya

Shekara tara ke nan da muka binne Baba, Malam Sanda, a ƙauyenmu kusa da Birnin Lalle. Bai taɓa riƙe sarauta ba. Aikinsa raba ranakun shayar da dabbobi a rijiyar da garuruwa uku da rugar Fulani ɗaya ke sha. Dokarsa guda ce: duk baƙon da ya zo da alheri, ba a sauraronsa sai a bakin rijiya, kowane ɓangare na zaune. Mun sha yi masa dariya, don ya taɓa shanya wani mai farar mota a rana har la'asar, wai sai Arɗo Buba ya dawo daga kiwo.

Yanzu in na kunna rediyo sai ya faɗo mini a rai. Ƙungiyar ƙasashen yankinmu ta dare, an taɓa rufe iyaka har muka yi watanni ba mu ga danginmu na Katsina ba, manyan ƙasashen duniya kuma suna bin shugabanninmu ɗaya bayan ɗaya, kowa da alkawarinsa. Da Baba na raye, ba zai tambayi wane baƙo ya fi kirki ba. Zai tambayi su wa ke zaune da aka yi maganar.

Ni da na gaji aikinsa, ni na karya dokar. Bara wasu baƙi suka zo da zancen famfo, na shigar da su zaurena, muka sha shayi, na nuna musu fili a gefen garinmu. Kafin motarsu ta kai Dakoro labari ya kai ruga. Arɗo ya janye shanunsa, yana kai su rijiya mai nisa har suka rame, sauran garuruwan kuma kowa ya shiga neman nasa baƙon. Kunya ta kama ni ƙwarai.

Watan jiya na taka har ruga, na ce wa Arɗo ban sa hannu a takardar famfon ba, ba kuma zan sa ni kaɗai ba.

"Ɗan Sanda, ba ruwan na ƙi ba," in ji shi. "Kun zamna ba ni, shi ya yi mani zahi."

Baƙin sun aiko cewa in zan tsaya tara mutane, za su kai famfon wani gari. Matata, da igiyar guga ta cinye mata tafin hannu, ta ji, ta ɗauki gugarta ta nufi rijiya. Na aika musu su kai. Baba bai bar mana wata babbar gona ba, wannan taurin kan ya bari, kuma ba zan sake sakin sa ba. Jiya da hantsi shanun Arɗo suka dawo.