Tikitin Umma da Jinyar Duna

Wata Asabar ce a watan Yulin 2013, an ba mu dogon hutu a makaranta, falonmu na unguwar Cheetham Hill a Manchester ya koma kamar tashar mota. Abba ya ɗauko sikelin banɗaki ya ajiye a tsakiyar ɗaki. Sai ya hau shi kaɗai ya duba, sannan ya rungumi akwati ya sake hawa, ni kuma ina durƙushe ina karanta masa lambar, don akwatin ya tare masa ganin ƙafarsa. In nauyi ya wuce, Umma ta zare takalmi ko kwalbar man shafawa ta cusa a wata jaka, a sake hawa. Rabin kayan ma ba namu ba ne, saƙon mutane ne, domin duk Bahaushen Manchester da ya ji za mu gida sai ya tuna yana da uwa. Zariya za mu, ina da shekara goma, Umma kuwa rabonta da mahaifiyarta tun ranar da ta baro ƙasar da ni a goye. Tana ninke kaya tana 'yar waƙa a hanci, abin da ban saba ji ba. Ana cikin haka na lura babu Duna. Shi da ba a buɗe akwati a gidanmu bai riga kaya shiga ba, tun safe ban ga ko wutsiyarsa ba.

Duna muzurunmu ne, baƙi wuluk. A lungun bayan gida na tsince shi wani lokacin sanyi, yana ɗan mitsitsi, yana kuka a gindin kwandunan shara. Ni kaɗai Allah ya ba iyayena, kuma aiki yakan ɗauke su duka biyu, saboda haka in na dawo makaranta da makulli rataye a wuyana, Duna ne mai yi mini sannu da zuwa. Da can ɗakin karatu na unguwa nake wucewa in zauna har Umma ta tashi aiki, sai hukumar gari ta fara rufe shi da wuri, daga baya ta garƙame shi gaba ɗaya. Tare muke wanke-wanke, wato ni ina wankewa shi yana sa ido. In na fita ɗan tsakar gidanmu in ba alayyahon da Umma ta shuka a bokitai ruwa, yana biye. In na zauna yin 'yar carafke da duwatsun da ta koya mini, sai ya kai wa dutse cafka ya ɓata mini wasa. Umma ba ta so shi ba da farko. "Baƙin muzuru ba a raba shi da mutanen ɓoye," in ji ta, ta kuma hana shi hawa dardumar salla. Amma ita ce ke ɓoye masa kan kifi a murfin roba, tana cewa ai zubarwa za ta yi da ma.

Shekarun nan ba su yi wa kowa daɗi ba. Kuɗin karatun da ya kawo Abba jami'a sun daina zuwa, ya koma sauke kwalaye a wani babban sito na 'yan sari. Umma tana aikin kula da tsofaffi gida-gida, kullum ana rage mata awanni, ana ce mata ta yi wa tsohuwa wanka ta ba ta abinci ta fito kafin shayi ya huce. Tikitin tafiyar nan da adashi aka saye shi, wanda ta daɗe tana zubi da matan unguwa. Mafi araha aka saya, irin wanda in ka fasa ka fasa ke nan, ba a mayar maka da ko sisi, ba a kuma canza rana. Ta Birmingham jirgin zai tashi, za mu kwana a Sparkhill wurin Gwaggo Talatu, yayar Abba. Duna kuwa an shirya wata tsohuwar Baturiya maƙwabciyarmu za ta riƙa zuba masa abinci.

A bayan injin wanki na same shi. Fuskarsa ta kumbura, tafin ƙafafunsa sun yi suntum, yana numfashi da ƙyar. Ni da Umma muka sa shi a kwali muka hau bas zuwa asibitin dabbobi. Likitar, wata doguwar mata, ta ɗaga leɓensa ta ga dasashinsa ya koma ruwan ƙasa, sai ta tambaya ko ya sha wani magani. Umma ta amsa da saurinta, kamar mai jiran a yaba mata. Ta ce tsakiyar mako ya dawo yana ɗingishi jikinsa da zafi, sai ta ɓantari farasitamol ta murƙushe masa a cikin kifi, ɗan kaɗan, bai kai abin da ake ba jariri ba, ta kuma ƙara masa da ta ga bai warware ba. A gidanmu farasitamol maganin komai ne, ciwon kai, gajiya, haƙori, har ɓacin rai. Babu wanda ya taɓa gaya wa Umma cewa ga kyanwa guba ne, domin inda ta tashi ba a ba kyanwa magani, ba a kuma kai ta asibiti. Likitar ba ta yi faɗa ba. Ta dai ce hanya biyu ce. Ko a yi masa allurar da zai tafi ba wahala, ko a kwantar da shi a yi masa ƙarin ruwa, in ya tsallake a koma da shi gida a yi makonni ana ɗura masa magani da abinci da sirinji, kuma babu tabbas. Umma ta ce a kwantar da shi tukuna.

A wurin jiran bas na faɗa mata maganar. Da Turanci na faɗe ta, irin na yaran Manchester, don da Hausa bakina ba zai iya ɗaukar ta ba. Na ce ita ta kashe shi, da ma can ba ta son sa, kuma so take ya mutu ta samu ta yi tafiyarta. Akwai mutane a wurin, wasu suka juyo. Umma ba ta mare ni ba, ta dai gyara mayafinta ta ƙura wa titi ido da kwalin da babu komai a ciki a hannunta. Laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani. Ni ce fa na bi ta har kicin ranar da ya dawo yana ɗingishi, ina kuka ina cewa ta yi masa wani abu, tana da magani a jaka ta ƙi ba shi. A lokacin ma na san haka, na dai ture shi gefe don in ji daɗin fushina.

Duna ya tsallake, aka ce a zo a ɗauke shi, ga ranar tafiya ta matso. Maƙwabciyarmu hannunta rawa yake, ba za ta iya sirinji ba. Gidajen da ake biya su ajiye dabbobi suka ce ba sa karɓar marar lafiya. Abba ya kira Gwaggo Talatu ya sa wayar a fili, ko za ta riƙe shi. Mai gidan da take haya ya hana dabbobi, amma ba wannan ne ya dame ta ba. "Kai Auwalu, kyanwa fa kake magana," ta ce. "Ku koma wurin likitar dabbobin ta yi masa allurar nan. Me za ku ce wa mutanen gida?" Abba ya kashe wayar ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce shi zai zauna, mu tafi, ai shi ya je gida bayan zuwanmu Turai. Umma tana ninke wani zane da ta saya wa mahaifiyarta, ba ta ɗago ba. "Malam, hannuna ne ya ba shi, hannuna ne zai yi jinya. Mutum in ka ɗauki alhakinsa ka je ka roƙe shi gafara. Dabba fa, ta ina za ka roƙe shi?" Abba ya yi ta lallashi, ya kawo aya ya kawo hadisi, ya ce kuskure ba ganganci ba ne. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta miƙa mini zanen ta ce in sa a akwatina.

Ga abin da ya fi cin raina har yau: murna na yi. Na sami tafiya, na kuma sami mai jinyar Duna, duka biyu a hannuna. Da na faɗi kalma ɗaya, ko "Umma ki yi haƙuri, mu tafi tare", wataƙila da ta sauya shawara, domin sau da yawa a kwanakin nan na kama ta tana duban fuskata. Ban faɗa ba. Ta raka mu tashar manyan motoci ta tsaya a bakin gilashi tana jaddada wa Abba wane ƙunshi na wane ne. A Sparkhill Gwaggo ta zaga da mu shagunan Stratford Road ta ƙaro tsaraba, tana tafe tana mita, wai zaman Turai ya taɓa mana kai. A cikin jirgi kujerar Umma ta zo kusa da tawa, babu kowa a kai. Na ɗage hannun kujerar na miƙe ƙafa na yi barcina mai daɗi.

Da muka isa Zariya damina ta zauna. Kakata, Inna, tana tsaye daga cikin zaure da gyale a ka. Ta amsa gaisuwar Abba, ta dafa kaina, amma idonta yana bayanmu, kan motar da ake sauke kaya. An riga an gaya musu ta waya cewa aiki ya riƙe Umma, duk da haka sai da ta ga an rufe but ɗin mota kafin ta juya. Ba ta tambaya ba. Umma ce 'yarta ta fari, a al'adarsu ba ta kiran sunanta, ba ta kuma nuna ɗokinta a gaban mutane, balle a gaban suruki. Ni kuwa yaro man kaza, nan da nan na narke cikin 'yan'uwa. Na yi wanka a ƙarƙashin indararo, na bi kawunnaina gona na ci masara gasasshiya har cikina ya ƙulle, na gwada daka na kusa fasa ƙafa da taɓarya, yara suna kwaikwayon Hausata suna faɗuwa don dariya. In Umma ta kira waya, labarin Duna kawai nake tambaya, ya ci, bai ci ba, sannan in miƙa wa wani in ruga waje.

Inna takan kira ni da hantsi ta zaunar da ni a tabarma gindin bishiyar durumi ta yi mini kitso. In ta kai rabi sai ta kama haɓata ta juyo da fuskata. "Juyo nan in ga uwarki," take cewa, in babu kowa kusa. Ta daɗe tana kallon goshina da hancina, har in gaji in fara mutsu-mutsu. A irin wannan zaman ne bakina ya suɓuce. Na ce ai ba aiki ba ne ya hana Umma zuwa, Duna ne, na kwashe labarin duka na gaya mata, ban da abin da na faɗa a wurin jiran bas. Hannunta ya tsaya a cikin gashina. Na ɗauka za ta yi faɗa ko ta yi dariya. Can ta ce, "To, ya tashi?" Na ce ya fara cin abinci da kansa. Ta ce, "Madalla. Haka take, tun tana ƙarama ba ta iya kwana da alhaki." Ta ƙarasa kitson, ya kuma fi na kullum zafi.

Mun dawo mun tarar da Duna ya rame amma yana tafiya da ƙafarsa, yana bin Umma duk inda ta sa ƙafa. Ita ma ta rame. Ta zaunar da ni ta yi ta tambaya, ɗakin Inna har yanzu shi ne na kusa da rijiya, tana cin goro, tana iya zuwa masallacin Juma'a. An ce baɗi za ta je. Baɗi ta zo aka sabunta takardun zama, kuɗin suka tafi can, wata shekarar kuma aka rufe siton da Abba ke aiki. Sai da na shiga jami'a sannan Umma ta taka Zariya. Kafin nan hawan jinin ido ya riga ya cinye ganin Inna. Da hannu ta shafa fuskar 'yarta, daga goshi har haɓa, ta ce ta ji ta tsufa.

Yanzu a Birmingham nake aiki, kuma in na ga dama a wayata zan sayi tikitin gida ina kwance. Yaran 'yan'uwanmu a nan suna ganin kakanninsu a bidiyo kowane mako har sun ƙosa, sai an yi musu tsawa suke zuwa gaisuwa. Duna ya yi tsawon rai ya mutu da tsufansa a kan cinyar Umma, Inna ma ta rasu. Umma ba ta taɓa cewa ta yi nadama ba, in na soma zancen sai ta ce in bar tone-tone in zo in ci abinci. Amma nakan tuna hantsin nan na gindin durumi, lokacin da idon Inna ke gani garau, da yadda nake ƙosawa in ƙwace haɓata in tafi wasa. Kallon nan ba nawa ba ne, na Umma ne, ni na je na karɓe mata.