Mutumin da Ya Gyara Hita a Dubai

Shekara tara ke nan da rasuwar Yaya Habu, amma har yau in hazon sanyi ya sauko kan unguwar Deira ta Dubai, ya rufe bakin ruwa har kwale-kwalen fito suka ɓace sai ƙarar injinsu, nakan tsaya a tagar ɗakina a Al Ras ina sauraron ko zan ji tarin tsohuwar motarsa. Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya ɗauko ni daga Kano, ya koya mini harkar kago, wato aika wa 'yan kasuwa kaya ta jirgi, ya zaga da ni lungunan kasuwar Naif har na daina ɓata. Sai dai 'yan kasuwarmu ba da kago suke tuna shi ba. In ka ce Alhaji Habu, sai a tambaye ka wanne. In ka ce Alhaji Mai Hita, kowa ya gane, kuma sai an yi murmushi kafin a yi masa addu'a.

Motar tsohuwa ce ƙwarai, ƙirar Jamus, kalar madara, kujerunta na fata duk sun tsattsage. A hannun wani dattijon Balarabe ya saye ta, bayan ta daɗe a ƙarƙashin tamfol. Ni dai a lokacin ban ga abin so a jikinta ba, na kuma faɗa masa. Ya ce ai ba ni zan aure ta ba.

Yaya yana da 'ya ɗaya, Ummi, kuma da sikila aka haife ta. Duk gidan da ke da mai wannan ciwo ya san sanyi ba abin wasa ba ne. Iska kaɗan ta bugi yarinyar, sai ciwo ya kama ƙasusuwanta, ta naɗe wuri guda tana kuka mara sauti. Ga shi mun zo garin da ko'ina esi ne, shago, jirgin ƙasa, masallaci, har asibitin kansa. Mutane suna ganin Dubai ba ta da hunturu. Tana da shi, gajere ne kawai, kuma da asubahi yakan shiga jiki sosai.

Akwai wata al'ada ta bakanikan garin nan da ban sani ba sai ranar da ta kusa cutar da mu. In tsohuwar mota ta shiga gareji aka ga hitarta tana ɗigar ruwa, ba a gyarawa. Sai a cire tiyo biyun da ke kai mata ruwan zafi daga inji, a haɗe su da juna, a rufe bonet. Sau da yawa ko gaya wa mai motar ba a yi, don a wurinsu alheri aka yi maka. Wa zai kunna hita a Dubai?

Ummi tana 'yar shekara bakwai, wata safiya bayan sallar asuba, ciwon ya tashi. A makon ne motar ta dawo daga wani gareji a Al Quoz. Muka sa ta a baya a jikin mamanta, Yaya ya kama sitiyari, ni ina gefensa. Hazo ya yi kauri har fitilar motar gabanmu da ƙyar ake hangowa. Ba mu yi nisa ba numfashinmu ya sa gilashi ya yi gumi ta ciki. Abin ya haɗu da turaren wutar da mamanta ta turara motar da shi, kamar yadda matanmu suka saba, hayaƙin ya bar maiƙo a jikin gilashin. Na cire hulata ina gogewa, sai ƙara dagulewa yake. Yaya ya murɗa hita har ƙarshe, iska mai sanyi ta huro mana.

Abu biyu ya rage masa, kuma babu mai daɗi. Ya bar tagogi a rufe ya yi tuƙi a makance, ko ya sauke gilashi sanyi ya shigo kan yarinyar. Ya tuɓe babbar rigarsa ya miƙa baya aka lulluɓe ta, ya sauke gilashinsa kamar faɗin yatsa biyu. Muna tafe a hankali, yana daga shi sai singileti, ina jin haƙoransa suna haɗuwa. Mun isa lafiya. Ummi ta yi kwanaki a asibiti, ta fito. Ban taɓa ganin tsoro a fuskar wana irin na ranar ba.

Da ya koma garejin na bi shi, don na ɗauka za a yi rigima. Bakaniken ya buɗe hannu yana mamaki.

"Habibi, hita? A nan? Taimakonka na yi, khalas, shi ke nan."

"Na gode," in ji Yaya. "Yanzu ka mayar mini da ita."

Aka yi ta yawon wuraren tsofaffin kayan mota har aka samo wata a Sharjah. Daga nan sunan ya bi shi.

Tun daga lokacin, da zarar iska ta fara sauyawa, Yaya ya shiga hidimar motar. Ya wanke hanyar ruwan hitar, ya ɗaga shimfiɗar ƙasa ya shafa ko akwai danshi, ya bi robar ƙofofi da yatsa. Cikin gilashi kuwa da tsohuwar jarida da ruwan khal yake goge shi, har sai ya yi ƙara. Ya hana turaren wuta a motar, wannan doka ta jawo masa gaba ta kwana da kwanaki a gida, amma bai janye ba. Ba ya barin Ummi ta fito sai inji ya yi zafi. Iskar farko gilashi yake ba wa, kuma yana kunna esi da hita a tare, wai ɗaya ta busar da iska, ɗaya ta ɗumama ta. 'Yan Naif suka samu abin yi.

"Alhaji, an ce ƙanƙara za ta sauka a Deira ne?"

"In ta sauka ku zo in rage muku hanya."

Abin da na fi tunawa shi ne safiyar ranakun hutu. Mukan bi hanyar sahara rana ba ta gama fitowa ba, hazo kwance a kan yashi, dogayen benayen gari a bayanmu kawunansu kawai ke leƙowa. Wani lokaci raƙumi ya ɓullo a gefen shinge, ya kalle mu, ya sake ɓacewa. A cikin motar akwai ɗumi da ƙanshin tsohuwar fata, Ummi ta manna goshi a taga tana kallo har barci ya ɗauke ta. Har yau ban san inda muke nufa a waɗannan tafiye-tafiyen ba, ina jin shi ma bai sani ba.

A tsakiyar zafi ya rasu, bayan gajeriyar jinya. Motar da amanar Ummi suka dawo hannuna.

Nakan yi tunanin me zai ce da ya ga motocin yanzu, waɗanda ba su da ƙara, kujera ta ɗumama kanta, gilashi ya share kansa tun kana cikin gida kana latsa waya. Na san zai zagaya su ya taɓe baki, sannan a ɓoye ya tambayi yadda abin yake aiki. Amma ba wannan ce tambayar da ta hana ni sukuni a bana ba. Ummi ta girma, ta gama digiri, ta samu gurbin ƙarin karatu a wata ƙasa da ƙanƙara ke rufe tituna wata da watanni. Mamanta ta ce magana tana hannuna. Na ce a'a, na kuma faɗa da ƙarfi. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba. Yarinyar da ubanta ya ƙare rayuwarsa yana kare ta daga sanyin Dubai, ni zan sa hannu a kai ta inda ruwa ke daskarewa?

A farkon sanyin nan, wata safiya mai hazo, Ummi ta ƙwanƙwasa mini ƙofa da makullin motar a hannu.

"Baffa, yalla, taso, yau ni zan kai ka shago."

Na tarar ta riga ta tayar da inji, ciki ya yi ɗumi, gilashi tas. Ta ja mu a hankali ta bakin ruwa. Ta gaya mini ta yi magana da likitanta, ta nemo asibitin da ke kusa da makarantar, ta san irin kayan da za ta sa. Sai da muka tsaya a danja ta juyo.

"Baffa, da ɓoye ni Abba yake so ya yi, da ɗaki zai gyara mini. Mota ya gyara."

Shekara da shekaru ina kallon mutumin nan kwance a ƙarƙashin sitiyari da tocila a baki, ina cewa tsoro ke sa shi. Tsoron yana nan, gaskiya ne. Amma ko sau ɗaya ban ji ya ce wa Ummi ta zauna a gida don ana sanyi ba. Shiri yake yi, sannan ya ce ta fito.

Ban sani ba ko da yana raye zai yarda da tafiyar nan. Ina jin zai yi faɗa na mako guda, sannan ya shiga Naif neman safa mafi kauri. Abin da na yi ke nan. Yaya bai bar gini ba, kamfanin kagonsa ma ya daɗe da sauya suna. Abin da ya bari 'ya ce da ta san ciwonta, ta san abin da za ta tanada, kuma ba ta jin tsoron fita. Allah ya yi masa rahama, ya sanyaya makwancinsa, ko da yake na san da zai ji wannan addu'ar sai ya harare ni.

Makon jiya na kai Ummi filin jirgi. Ta sauka, ta gyara mayafi, ta ja akwatinta. Na nemi wuri na ajiye motar, na kasa fita, na kuma kasa tafiya. Ina nan zaune ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, har saƙonta ya shigo: "Baffa, mun shiga jirgi. Ka je gida."